Dillalin da Ba Ya Karɓar La'ada: Katalis da Ƙoƙarin Mayar da Iskar Kabon Dayoksayid Abin Amfani



An ba mu, mu malaman kimiyya na wannan reshe, ɗan lokaci domin mu yi bayani a kan wani batu da ke yawan fitowa a labarai, watau ƙoƙarin da masana ke yi na kama iskar kabon dayoksayid su mayar da ita mai, ko roba, ko wani sinadari da masana'antu ke bukata. Da wuya wata ya shuɗe ba a ji an ce wata jami'a ta gano abin da zai mayar da hayaƙi fetur ba. Ɗalibanmu suna ganin irin waɗannan labarai a waya, su zo aji su tambaye mu, kuma malamin da bai shirya ba sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya ce ƙarya ce, ko ya ce an gama maganin ɗumamar duniya. Duka amsoshin biyu ba daidai ba ne, kuma abin da ke tsakaninsu yana nan a cikin manhajar da muke koyarwa.

A littafin kemistiri na babbar sakandare akwai jimla guda da yara ke haddacewa saboda jarrabawar WAEC da NECO, cewa katalis abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Masanin nan ɗan ƙasar Swidin, Berzelius, shi ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835. Mu a nan za mu kwatanta katalis da dillalin kara. Mai saniya yana nan, mai kuɗi yana nan, kowa na son ciniki, amma idan aka bar su su kaɗai sai rana ta faɗi ba a daidaita ba. Dillali ya kama hannun wannan, ya kama na wancan, ya haɗa su, a sallama, shi kuma ya juya ya nufi wata saniyar. Bambancin kawai shi ne katalis ba ya karɓar la'ada. Amma a lura da abin da dillali ba zai iya ba: idan aljihun mai saye babu kome, duk zaƙin bakinsa ba zai sa saniya ta canza hannu ba. Wannan ita ce gaɓar da haddar ba ta kaiwa, kuma a kanta dukan batun yake rataye.

Me ya sa kabon dayoksayid ke da taurin kai? Saboda toka ce. Idan aka ƙona itace, ko gawayi, ko fetur, zarrar kabon kan auri zarra biyu na oksijin, zafi ya fita, mu dafa tuwo ko mu tuƙa mota da shi. Giram 12 na kabon kan saki kimanin kilojul 394 na zafi yayin ƙonewa, kuma kowace lita ɗaya ta fetur da janareta ya sha kan bar kusan kilo 2.3 na wannan iska. Abin da ya saura bayan ƙonewa ya riga ya ba da duk ƙarfin da ke jikinsa, ya gangara gindin tudu ya kwanta. Wanda ke son ya mayar da shi mai dole ne ya sake tura shi saman tudun, watau ya mayar masa da ƙarfin da aka cire, har da ɗoriya, domin babu injin da ba ya ɓarar da wani abu a hanya. Katalis yana share hanyar hawa, ya kawar da duwatsu, ya rage kwana-kwana. Tsawon tudun kuwa yana nan yadda yake.

Da yawa daga cikinmu mun san wani katalis ba tare da mun san sunansa ba. Abin nan da ke cikin salansar mota, wanda bakanikai ke kira indomi, kuma ɓarayi ke yankewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, su filatinam da faladiyam da rodiyam, aikinsa shi ne ya ƙarasa ƙona iskar kabon monoksayid mai guba ta zama kabon dayoksayid. Wannan gangara ce, shi ya sa yake yin aikinsa da zafin hayaƙi kawai. Abin da muke magana a kai yau shi ne tafiya ta kishiyar wannan hanya.

Tsirrai sun daɗe da yin wannan hawa. A cikin kowane koren ganye akwai wani katalis na halitta mai suna rubisko, wanda ke kama kabon dayoksayid daga iska domin a gina sukari da ita, ƙarfin aikin kuma daga hasken rana yake zuwa. Masana na ganin babu wani furotin da ya kai shi yawa a doron ƙasa, kuma dalilin yawan nasa abin mamaki ne: nawa gare shi. Ƙwaya uku zuwa goma kawai yake sarrafawa a daƙiƙa ɗaya, alhali akwai katalis na jikinmu da ke sarrafa miliyoyi. Ga shi kuma da yawan kuskure, domin wani lokaci sai ya kama oksijin a maimakon abin da aka aike shi, kuma kuskuren yana ƙaruwa idan rana ta yi zafi. Gero da dawa da masara da rake suna da dabarar da shinkafa da alkama ba su da ita. Sukan fara tara iskar da wani katalis dabam, su tura ta wani lungu na ganye inda za ta yi kauri a kewayen rubisko, sai kuskurensa ya ragu. Hatch da Slack ne suka fayyace wannan hanya a Ostiraliya a 1966. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gero ke jure zafi da ƙarancin ruwan ƙasarmu. Idan katalis ɗin da dukan abincinmu ya dogara a kansa yana fama haka da wannan iska, bai kamata mu yi mamakin wahalar da masana ke sha ba.

A ɓangaren ɗan Adam, labarin ya fara ne a birnin Tulus na Faransa. A 1902 Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens suka nuna cewa idan aka bi da kabon dayoksayid da haidirojin ta kan garin ƙarfen nikel mai zafi, kimanin digiri 300 zuwa 400, sai a sami iskar metan, wadda ita ce babban abin da ke cikin iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, tare da ruwa. Sabatier ya sami lambar yabo ta Nobel a 1912. Abin da ya bar wa na baya da ya fi wannan gwaji daraja shi ne wata ƙa'ida da har yau ake kira da sunansa: katalis nagari shi ne wanda riƙonsa bai yi sako-sako ba, bai kuma yi tsanani ba. Idan riƙon ya yi rauni, sinadarin zai taɓa fuskar ƙarfen ya wuce ba abin da ya faru. Idan ya yi ƙarfi, zai manne ya ƙi tashi, ya tare wa na bayansa wuri. Dillalin da ba ya iya tsayar da mai saye ba shi da ciniki, wanda kuma ya riƙe mutum ɗaya tun safe har la'asar shi ma ba shi da shi. Yawancin binciken da ake yi a yau, da manyan kwamfutoci da kuɗi masu yawa, neman wannan tsaka-tsaki ne.

Hanyar Sabatier ta yi aiki har a sararin samaniya. A 2010 aka kafa wata na'ura irin wannan a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ta riƙa haɗa iskar da 'yan sama jannati ke fitarwa da numfashi da haidirojin da ke saura bayan an raba ruwa domin samar musu oksijin, sai ta mayar musu da ruwa, metan ɗin kuma a zubar da shi waje. A can kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, domin kai lita ɗaya ta ruwa sama ba ƙaramin kuɗi ba ne. A ƙasa lissafin dabam ne.

Sinadarin da masana'antu suka fi kwaɗayin samu daga wannan iska shi ne mitanol, wani ruwa mai kama da sifirit, mai guba idan an sha, wanda ake yin fenti da gam da roba da shi, ana kuma iya ƙona shi a inji. Duniya na sarrafa kusan tan miliyan 100 nasa a shekara, kusan dukansa daga gas ko kwal. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya fito da katalis na jan ƙarfe da tutiya da alminiyam, wanda ke aiki a zafin digiri 200 zuwa 300 da matsi ninki 50 zuwa 100 na iskar da ke kewaye da mu, kuma har gobe shi ne ginshiƙin wannan sana'a. Yana da lalurori biyu. Farar wuta, ko da 'yar kaɗan ce, kan manne a jikin jan ƙarfen ta kashe shi, abin da littattafanmu ke kira gubar katalis. Ruwa kuma, wanda dole ya fito duk lokacin da aka yi mitanol daga kabon dayoksayid zalla, kan sa ƙananan ƙwayoyin jan ƙarfen su dunƙule su zama manya, fuskar da ke aiki ta ragu, kamar yadda garin sukari ke saurin narkewa fiye da dunƙulensa. Saboda haka ake neman madadi. A 2016 masana a wata jami'ar fasaha ta birnin Zurik a Suwizalan suka nuna cewa sinadarin indiyam da aka ɗora a kan zakoniya yana ba da mitanol kusan zalla kuma yana daɗewa bai gaji ba. Sai dai indiyam ƙarfe ne mai ƙaranci, ga masu ƙera fuskar waya da talabijin suna rububinsa.

An gina masana'antu na gaske a kan wannan hanya. A Svartsengi ta ƙasar Aisland akwai wadda aka sa wa sunan George Olah, masanin da ya ci Nobel a 1994 kuma ya daɗe yana kira da a mayar da mitanol madadin fetur. Ta fara aiki a wajajen 2012, kuma bayan an faɗaɗa ta ta kai ƙarfin yin tan 4,000 a shekara daga tan 5,500 na kabon dayoksayid. Ba banza aka gina ta a can ba. Aisland na samun lantarki mai arha daga tururin ƙarƙashin ƙasa da faɗuwar ruwa, kuma iskar da ake bukata tana fitowa da kauri daga tashar lantarkin da ke maƙwabtaka da ita.

Bari mu yi lissafin tare, domin lissafi ne da ɗan aji biyar zai iya yi a allo. Ƙwaya ɗaya ta kabon dayoksayid da uku na haidirojin su ke ba da ƙwaya ɗaya ta mitanol da ɗaya ta ruwa. Da nauyi, giram 44 da giram 6 su ba da giram 32 da giram 18. Ke nan tan ɗaya na mitanol na bukatar kilo 1,375 na kabon dayoksayid da kilo 188 na haidirojin. Raba ruwa da lantarki domin samun kilo ɗaya na haidirojin kan ci kimanin yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin da muke saye a mitar gida. A ninka, sai a ga tan ɗaya na mitanol ya lashe kusan yunit 10,000. Wannan shi ne kuɗin da mai saye zai zo da shi kara. Idan lantarkin daga rana ko iska ko ruwa ya fito, an ci riba. Idan kuwa daga ƙona kwal ya fito, hayaƙin da aka tayar domin samar da shi ya fi wanda aka kama, an gudu ba a tsira ba.

Akwai masu neman gajeriyar hanya, watau a tsallake haidirojin, a tura lantarki kai tsaye cikin ruwan da aka narkar da kabon dayoksayid a ciki. Masanin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne Yoshio Hori na jami'ar Chiba a Japan. Tun daga 1985 ya riƙa gwada ƙarafa iri-iri ɗaya bayan ɗaya, kuma sakamakonsa darasi ne a kan ƙa'idar Sabatier. Zinariya da azurfa da tutiya sukan cire oksijin guda su saki kabon monoksayid. Kuza da dalma sukan ba da sinadarin fomet. Nikel da filatinam da baƙin ƙarfe sukan riƙe da ƙarfi har fuskarsu ta toshe, sai haidirojin kawai ke fita. Jan ƙarfe ne kaɗai ya faɗa tsakiya, ya ba da metan da itilin, wanda da shi ake yin leda. Amma jan ƙarfe dillali ne mai kwashe-kwashe. A 2012 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙirga sinadarai 16 da ke fitowa daga gare shi, kuma raba su da juna wani tsadar ne. Ban da haka, katalis ɗin da ya yi kwanaki yana aiki a ɗakin gwaji sai a yi ta yabonsa, alhali mai masana'anta na bukatar wanda zai yi shekaru.

Mu dawo gida, domin a rumbunanmu akwai abin da aka yi da wannan iska tun kafin a fara wannan hayaniya. Takin yuriya haɗin amoniya ne da kabon dayoksayid, ta hanyar da Bosch da Meiser suka tsara a Jamus a 1922. Amoniyar kuwa daga hanyar Haber take fitowa, wadda muke koyarwa duk shekara, da katalis na baƙin ƙarfe wanda Alwin Mittasch ya samo bayan dubban gwaje-gwaje. Masana'antun Eleme da Onne a jihar Ribas, da ta Lekki a Legas wadda aka ƙaddamar a 2022, duk wannan aiki suke yi. Buhu ɗaya mai kilo 50 ya ci kusan kilo 37 na kabon dayoksayid kafin ya zama taki. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa ana amfani da kusan tan miliyan 230 na wannan iska a shekara, kuma kusan tan miliyan 130 daga ciki yuriya ce ke sha.

To, an ɗaure iskar ke nan? A'a. Da zarar taki ya taɓa ƙasa mai laima, wani katalis na halitta mai suna yuriyes, wanda ƙananan halittun ƙasa ke samarwa, sai ya kwance ɗaurin cikin 'yan kwanaki, kabon dayoksayid ta koma sama. Wannan katalis yana da tarihi: shi ne na farko a irinsa da aka tace ya zama ƙanƙara, aikin James Sumner a 1926, daga baya kuma aka gano cewa a tsakiyarsa zarrar nikel ce ke aiki, ƙarfen nan na Sabatier. Ga masu noma a cikinmu, kuma kusan dukanmu ne, akwai fa'ida a nan. Abin da yuriyes ke saki tare da iskar shi ne amoniya, wadda ita ce abincin shukar. Idan aka watsa taki a saman ƙasa aka bar shi a rana, wani kaso nata zai tashi ya bi iska. Idan aka tona ɗan rami a gefen shuka aka binne, ƙasa za ta riƙe ta. Shawarar da malaman gona ke ba mu ke nan, ga kuma dalilinta.

Haka abin yake ga mai. Mitanol ɗin da aka ƙona ya mayar da iskarsa inda aka ɗauko ta. Amfaninsa shi ne ya hana a haƙo sabon mai, ba wai ya share tsohon hayaƙi ba. Roba ta fi riƙo. Tun 1969 Shohei Inoue ya nuna a Japan cewa katalis na tutiya na iya saƙa kabon dayoksayid cikin roba, kuma a 2016 kamfanin Covestro ya buɗe masana'anta a Dormagen ta Jamus mai yin sinadarin soson katifa wanda har kashi 20 cikin 100 nasa wannan iska ce. Amma katifa nawa duniya ke bukata? Hayaƙin da ake fitarwa daga kwal da mai da gas da siminti ya kai kimanin tan biliyan 37 a shekara. Tan miliyan 230 ɗin nan bai kai kashi 1 cikin 100 nasa ba. Yawan iskar a sararin sama kuwa ya tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, zuwa 315 lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a tsibirin Hawai a 1958, yanzu ya haura 420.

A ganinmu, inda wannan fasaha za ta yi tasiri na gaske shi ne wuraren da ba su da wata mafita. Jirgin sama mai dogon zango ba zai tashi da batir ba nan kusa. Masana'antar siminti, irin su na Ashaka da Sakkwato da Obajana, tana fitar da kabon dayoksayid daga jikin dutsen farar ƙasa kansa idan aka gasa shi, ko da kuwa da hasken rana aka yi gashin, kuma iskar tana fita da kauri, ta fi sauƙin kamawa fiye da ta sarari, inda ƙwaya huɗu kacal ce cikin kowace 10,000. Ƙasashen da ke da rana mai yawa suna da rabin jarin. Sauran rabin shi ne mutanen da suka san kemistiri, kuma a azuzuwanmu suke zaune yanzu.

Gani ya kori ji, kuma babu makarantar da ta rasa abin nuna wa yara katalis. A sayi ƙaramar kwalbar haidirojin feroksayid a kemis, irin wadda ake wanke rauni da ita. A zuba a kofuna uku na gilashi. Na farko a bar shi haka nan, na biyu a jefa masa ɗanyen yankan dankali ko hanta, na uku a jefa masa dafaffe. Na biyun ne kawai zai yi kumfa, domin zafi ya lalata katalis ɗin da ke cikin dafaffen. Idan aka yi da yis na burodi a kwalba mai ƙaramin baki, aka kusantar da tsinken tsintsiya mai jan garwashi, zai sake kamawa da wuta, shaidar oksijin ce ke fita. Malami ne zai riƙe tsinken, ba ɗalibi ba. Sa'an nan a tace ruwan farar ƙasa, yaro ya hura masa numfashi ta tsinken shan lemo, a ga ya yi fari kamar madara. Daga nan a koma allo, a ba su lambobi huɗun nan, 44 da 6 da 32 da 18, da farashin yunit ɗaya na lantarki kamar yadda yake a takardar kuɗin wutar gidansu, a ce su fitar da abin da lita ɗaya ta mitanol za ta ci, bisa sanin cewa nauyinta kusan giram 790 ne.